Ranar da Na Fita da Surukina Teku

Jirgin tsoho ne, ya riga ni zuwa Dubai nesa ba kusa ba. Wani dattijon Bature ne ya sayar mini da shi lokacin da zai koma ƙasarsu. Irin mai tafiya da iska ne, da dogon ƙarfe a tsaye da manyan ƙyallaye biyu, sai ɗan injin dizal na fita daga mashiga da dawowa. A cikinsa akwai gado biyu da murhun gas da ɗan bayan gida da ba ka iya juyawa a ciki sai ka nemi gafarar bango. Ba ya sauri, amma akwai dalma mai nauyi a ƙarƙashinsa, duk yadda iska ta kwantar da shi sai ya miƙe. Matata ta ce na sayi jaki na sa shi a ruwa. Ban musa ba, don ni ina son jakina.

Aibinsa ɗaya ne, kuma Baturen bai ɓoye mini ba. Akwai wani ƙarfe a kwance da ke riƙe da gindin babban ƙyallen, masu jirgi suna kiransa bum. Idan iska ta sauya ɓangare, ƙarfen nan yakan tsallako daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin gaske. Na jirgina ya yi ƙasa da yawa, daidai goshin mutumin da ke tsaye. Baturen ya dafa shi ya ce duk wanda na ɗauko, in na ga zai juyo, in daka masa tsawa, in ba shi haƙuri daga baya. Na yi dariya, domin tsawa ba baƙuwata ba ce. A ofishinmu na kago a unguwar Port Saeed, tun daga bakin titi ake jin muryata in ana lodin kaya.

Amma akwai mutum ɗaya da muryar nan take mutuwa a gabansa: mahaifin matata. Ɗan kasuwa ne a Kano, yakan zo sarin yadi, ya sauka a gidanmu a Al Nahda. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama a kan kujera yana zaune ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. A wani zuwa da ya yi cikin sanyi, ya ga hoton jirgin a wayar 'yarsa.

"Malam, wannan kwale-kwalen naka, ana ɗaukar tsofaffi kuwa?"

"Ana ɗauka, Baba. Duk ranar da kuka shirya."

"To yalla, mu je ranar Asabar. Na gaji da ganin teku ta tagar mota."

Matata ba ta bi mu ba, ruwa yana juya mata ciki. Muka tafi mu biyu. Ya zo da farar babbar riga da hula zanna mai tsayi. Na so in ce ya cire babbar rigar, na kasa. Na ba shi rigar hana nutsewa, ya karɓa ya yi godiya ya ajiye a gefe, ban iya ce masa ya sa ba. Tun a mota na shirya bayanin bum ɗin nan a raina, amma da muka shiga sai ya zaɓi wuri ya zauna ya fara yaba jirgin, na ga kamar rashin kunya ne in katse shi in fara koyar da shi inda zai sa kansa. Na ce wa kaina ai a zaune yake, ƙarfen zai wuce ta samansa.

Fitar ta yi daɗi. Da na kashe injin, ƙyallayen suka cika da iska, jirgin ya ɗan kwanta ya kama tafiya ba ƙara sai motsin ruwa. Baba ya dubi ƙyallayen ya ce, "Ikon Allah, ba mai, ba komai." Ya tambaye ni me ke hana shi kifewa, na ba shi labarin dalmar. Ya taɓa igiyoyin, ya murza ƙyallen da yatsa irin na mai sayar da yadi, ya ce ɗinkin ya tsufa amma yadin na gaske ne. Ban taɓa doguwar hira da shi irin ta ranar ba, har na manta na zauna a gabansa.

A hanyar dawowa iska tana bayanmu, wato lokacin da bum ya fi haɗari. Rana ta karkata, dogayen benayen birnin suka fito jere a gabanmu. Baba ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye don ya gani da kyau. A daidai nan wani jirgin yawo mai inji ya wuce, ruwan da ya tayar ya juya mana gindin jirgi. Na ga bakin ƙyallen ya fara karkarwa. Na san abin da ke tafe, kuma akwai lokacin faɗin kalma ɗaya: sunkuya. Amma kalma ce da ake jefa wa yaro, bakina ya ƙi ɗaukarta. Abin da ya fito shi ne, "Baba, don Allah da za ku ɗan..."

Ƙarfen ya same shi a goshi. Ya faɗi a kan benci, hular ta tashi ta faɗa ruwa, jini ya wanke gaban farar rigar. Na saki komai na tare shi, na danne wurin da tawul. Ya buɗe ido yana salati. Ya ga na waiwaya ina kallon hular tana nisa, ya ce, "Bar ta, Malam. Khalas, ta riga ta tafi." Na tayar da injin, ban ko tsaya naɗe ƙyallayen da kyau ba.

An yi masa ɗinki a asibiti, likitoci suka duba kansa suka ce ba abin da ya taɓu a ciki. Da muka isa gida matata ta ga bandeji ta sa kuka, ta juyo kaina da ido. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni.

"Ke, ba ruwan mijinki. Ni na miƙe ba a ce in miƙe ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na kai babban ƙyallen aka rage masa tsawo, aka ɗaga bum ɗin sama da kan kowa. Jirgin ya ƙara nawa, matata ta ce jakin ya tsufa. Tabon kuma ya zauna a goshin Baba, daidai wurin sujada. Na bi shi salla a falonmu na ga yadda yake kai goshinsa ƙasa a hankali, yana ɗan karkatar da shi gefe. Raka'ar nan ban san abin da na karanta ba.

Ranar da zai koma na kai shi filin jirgi. A mota na tattaro ƙarfin hali, ina kallon titi, na ce masa na ga ƙarfen tun kafin ya taso, kunya ce ta hana ni yi masa tsawa. Ya gyara sabuwar hularsa, wadda yanzu yake jawowa ƙasa-ƙasa.

"Na sani, Malam," ya ce. "Ai ni ma na ga ƙyallen yana rawa, har zan zauna. Sai na ji ka fara magana, na ce bai kamata in bar ka da ita a baki ba. Shi ne na juyo in ji ƙarshenta."