Kwandon Bahaguwa

Ni bahaguwa ce, kuma duk Lambara an san kwandona da haka. In na murza ɓawon masara, hagu igiyar take kwantawa. Ɓawon ciki nake zaɓa, mai laushi, in shanya a inuwa, in dafa rabi da ɓawon albasa ya yi ja, sannan in yayyafa ruwa in saƙa. Ba wanda ya koya mini. Kaba ce ta yi wuya wata shekara, na dubi tulin ɓawon da muke zuba wa awaki, na ce bari in gwada.

Wata ma'aikaciyar asibiti da aka turo garinmu ta kama haya kusa da mu. Yaya take ce mini. Kaka biyu tana zama a tabarmata bayan la'asar, tana cin gyaɗata, ina riƙe mata yatsu ina koya mata saƙar. Hannunta ya fi dacewa da taɓarya, amma na daure har ta iya. Da aka mayar da ita Bodinga na ba ta kwandon da na fi so, mai jan baki, muka rabu da kuka.

Bara aka ce matan garinmu su je Bodinga, za a koyar da sana'a. Na shiga mota da ɗoki, har da ƙullin ƙuliƙuli na kai mata. Ina shiga zauren taron sai ga ta a gaba, ta ɗaga kwandona sama.

"Wanga aiki wurin kakata nik koye shi," in ji ta. "Wanga ma ni nis saƙa shi."

Aka tafa. Na jira ta hango ni ta ce wasa take. Ta hango ni kuwa, ta ɗauke kai.

Aka raba ɓawo, kowa ta fara murzawa. Ta biyo layi tana dubawa, manyan baƙi na bayanta. Da ta iso kaina ta tsaya.

"Baiwar Allah, kin juya shi baibai. Dama za ki murza."

Ta kama yatsuna yadda nake kama nata. Kwandon yana hammatarta, kowace igiya a jikinsa ta kwanta hagu. Kwandon bai dame ni ba, kyauta na ba ta. "Baiwar Allah" ɗin nan ce ta tsaya mini a rai, har yau ba ta wuce ba.

Na murza dama, yadda ta ce. Ƙuliƙulin kuma na dawo da shi gida, na zuba wa awaki.