Nabe da Ɓarawon Kumba

A tsibirin Kuroshima, in ka ji ihu daga bakin teku kada ka ruga, Nabe ce ta ga wani abu. Gajera ce, rana ta dafa ta, muryarta kuwa ta fi jikinta. Tun tana budurwa take bin teku idan ta janye, tana tsintar kumba da ƙaguwa, da su ta raini 'ya'yanta har suka girma suka tafi birni.

Da gwiwa ta fara yi mata gardama, sai ta kewaye wani rami da shingen duwatsu a cikin murjani, dutsen da ke tsirowa a teku, tana tara kumba a ciki don ta huta da tafiya mai nisa. Ba a jima ba kumba ta fara raguwa. Kullum ta zo, sai ta tarar da ɓawo a farfashe a gindin wani dutse.

Kai tsaye ta wuce gidan Makato, maƙwabciyarta kuma ƙawarta tun ƙuruciya.

"Makato, wa zai tsuguna cikin ruwa yana cin ɗanyar kumba in ba mai kwaɗayi irinki ba?"

Makato ta wangale baki. "Da wane haƙorin? Leƙa ki gani!"

"Dasashi ma yana aiki."

"To, Allah ya isa!"

Daga ranar aka daina gaisawa. Seitoku, mijin Nabe, ya gaji da ƙunƙuni, ya miƙa mata akwatinsa na su mai gindin gilashi, wanda ake leƙa ƙarƙashin ruwa da shi. "Je ki kama ɓarawonki da idonki, mu samu lafiya."

Da hantsi ta shiga ruwa har ƙugu, ta kifa kai cikin akwatin. Bayanta har ya ƙage. Can sai ga wani kifi da ake kira makubu ya tsallako ta saman duwatsun, kore shar, sirkin shuɗi a jikinsa kamar an tsoma shi a marina, da ɗigon baƙi a gadon baya, haƙora a waje. Ya tona yashi, ya cafki kumba, ya nufi dutsen nan. Ya karkace, ya maka ta. Ƙwas! Ya sake. Ƙwas! Ta dare, ya lashe naman, ya koma neman wata.

Nabe ta kurma ihu. Ta manta da gwiwa, ta bar takalmi ɗaya a ruwa, ta faɗa gidan Makato ta fizgo ta daga gaban tukunyar awara.

"Zo ki ga ɓarawon!"

"Au, ashe ba ni ba ce?"

"Ke dai zo!"

Kawuna biyu suka dinga karo a bakin akwati ɗaya. Da kifin ya sake maka kumba, Makato ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Wannan ai ya fi mijinki iya aiki!" Suka yi ta dariya suna dukan juna, gaba ta bi ruwa.

Seitoku ya ji labari ya taho da mashi yana lasar leɓe, don babu kifin da ya kai makubu daɗin romo. Nabe ta tare gabansa.

"Maigida, ka taɓa shi, tsurar dankali za ka ci har ka tsufa."

"Ai na tsufa."

"To har ka ƙara."

Ya mayar da mashinsa. Nabe ta koma tsintar kumba kashi biyu, nata da na kifi, mutanen ƙauye suna layi a bayan akwatin. Kifin ya yi ta girma, launinsa yana ƙara turuwa. Seitoku ya ce irinsu a mace suke farawa, in sun ƙasaita su rikiɗe namiji.

"Da mu ma haka muke," in ji Makato, "da tuni na huta da girki."

Wata shekara guguwa ta rushe shingen, kifi ya ɓace. Nabe ta hana Seitoku sakat har ya tuƙa su a kwalekwale, ita da Makato, zuwa inda murjani ya ƙare ruwa ya yi zurfi. Suna ta dubawa, sai ga shi can ƙasa, ƙato, ƙananan matan kifi suna kewaye da shi.

"Ga shi! Ya yi iyali!" in ji Nabe.

Ita da Makato suka afka gefe ɗaya, kwalekwale ya tuntsure da su duka. Seitoku ya ɓullo yana tari yana faɗa. Nabe kuwa ko ta kansa ba ta bi ba, tana rungume da akwatinta, kanta a ciki.