Ranar da Baba ya bi ni gonar Hatta

Baba ya zo Dubai ne don a yi masa aikin ido. Da aka gama, likita ya ce ya dakata tukuna kafin ya hau jirgi, sai ya zauna da mu a gidanmu na Bur Dubai. Mutum ne da ya tsufa a kasuwar shanu, zaman bene bai karɓe shi ba. Duk safiya idan zan fita sai ya tambaye ni wai takamaimai mene ne aikina. Na sha yi masa bayani cewa akwai gonakin da ke tara kashin shanu a rufaffen tanki ya ruɓe, su tace gas ɗin da ya fito su sayar, ni kuma in lissafa ko da gaske sun rage gurɓata iska kafin a ba su takardar shaida. Sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya taimaka. Na san bai shige shi ba.

Ranar da aka tura ni wata gona a garin Hatta, na nemi izini a ofis na tafi da shi, yana sanye da baƙin tabarau. A hanya na gaya masa har man da motar ɗaukar kashin ta sha sai ya shiga lissafina, haka wutar da injin tacewa ya ci. Ya yi dariya ya ce ashe ko mota ba ta tsira daga hannuna ba.

Manajan gonar, wani dattijo ɗan Sudan, ya zaga da mu. Na fito da kyamarar da muke gano yoyon gas da ita, na saita ta a murfin tankin. Nan take na ga abu kamar baƙin hayaƙi yana tashi daga wani gefe. Na kira Baba. Ya dubi tankin, bai ga komai ba sai duwatsu a bayansa. Ya dubi kyamarar, ya sake duban tankin, ya cire tabarau.

“Uwata, idon ne bai warke ba?” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na ce masa babu idon da ke ganin wannan gas, kuma yana ɗumama duniya ƙwarai idan ya sulale. Ya daɗe yana kallon kyamarar.

Na shaida wa manajan cewa dole yoyon ya shiga lissafi, takarda kuma sai bayan gyara. Fuskarsa ta canza, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya juya. Baba ya ja ni gefe ya tambaya ko babu halin sassauci, bawan Allah ya tarbe mu da mutunci. Na ce babu, Baba. Bai ja maganar ba. Sai ya bi mutumin, ya haɗa ɗan Larabcinsa na aikin hajji da nuni, ya roƙa a kai shi wajen shanu.

Ina can ina ƙarasa awo na jiyo dariyarsu. Ashe manajan yana jin ’yar Hausa, a wajen maƙwabtansu ya koya tun yana yaro. Na tarar Baba yana shafa wuyan wata saniya, yana mamakin girman hantsarta, yana tausaya mata da ba ta da tozo. Ba mu bar gonar ba sai da aka dafa mana shayi da madarar da aka tatso a gabanmu.

Lokacin da suka gyara murfin na koma na sake awo, lissafi ya fita, aka ba su takardarsu. Baba ya riga ya koma gida. Manajan ya ba ni ƙunshin dabino ya ce na abokinsa ne, na aika wa Baba ta hannun wata mai zuwa Kano. Baba ya bugo waya yana mita wai an manta yana da ciwon suga. Ya ce guda biyu kawai ya ci, sauran ya kai masallaci.