Ɗanjuma da Sandar da Na Yi wa Dariya

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Ɗanjuma, mutumin Yawuri mazaunin garin Lanham a Amurka, wanda muka shekara ashirin muna kamun kifi tare a kogin Potomac. Allah ya jiƙansa. Ni kam har yau ban yafe wa kaina abin da na yi masa ba.

Kifin bas muke nema, da ɗan kifin roba mai ƙugiya da ake jefawa a jawo. Dukkanmu sandar kamun kifi ta zamani da ake kira girafait muke riƙewa, marar nauyi, wadda ko ciyawa ta taɓa zare sai ka ji a tafinka. Kwatsam wata Asabar sai ga shi da ta gilas, wato wadda aka yi da zaren gilashi, mai nauyi, tana lanƙwasa kamar tsumagiya. Na dinga yi masa tsiya. Ya ce, "Kai dai gaggawa ke cin ka. Taka tana sa ka fizge tun kifi bai kama sosai ba, tawa tana ba shi lokaci." Gaskiya ya faɗa, amma ya ɓoye saura. Ashe hannunsa ne ya fara rawa, ita kuwa ta gilas tana shanye rawar.

Da iyalinsa suka gane, ni suka roƙa in yi masa magana. Na je har falonsa na ce ya haƙura da kogi. Ya dube ni ya ce, "Har da kai?" Bai ƙara fita ba. Shekara guda ya yi a kujera yana kallon taga, sannan ya rasu.

To, ga shi yanzu abin ya zo kaina. Kofin shayi ma sai da hannu biyu. 'Yata Hadiza, wadda nas ce, kullum maganarta ɗaya: "Baba, don Allah ka bar zuwa kogin nan." Da Ɗanjuma na nan da ya sha dariya, don ni ma na sayo ta gilas, kuma wallahi kifi ya daina kuɓuce mini.

Rigar hana nutsewa zan sa, kwalekwale ba zan shiga ni kaɗai ba, wannan na yarda. Amma zaman gida? Haba! Na ga abin da yake yi wa mutum, tunda ni na zaunar da wani. Taurin kan da na hana Ɗanjuma yi, shi na gada.

Jiya Hadiza ta ce za ta nemo abokin da zai iya tanƙwara ni. Na ce ta je ta nemo. Mutum ɗaya ne, kuma da yana raye, shi zai tuƙa mu zuwa bakin ruwa.