Kwalin Ashana Biyu

Ina aji biyar a makarantarmu ta Maamobi aka ce kowane yaro ya kawo ɗan bayan gidansa a kwalin ashana, masu duba tsutsar ciki za su zo. Mu dariya muka yi ta yi. Kakarmu, wadda ke riƙonmu ni da ƙanwata, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ba ta taɓa jin inda mai hankali ya miƙa wa baƙo abin da ya fito daga cikin jikarsa ba, da shi ake sammu.

Ni ba ta damu da nawa ba, wai jikina tauri ne da shi. Ƙanwata take ji wa tsoro, don yarinyar ta rame, ciki ya yi tulu, tana kankare ƙasar bango tana ci. Sai Kaka ta raba nawa gida biyu, ta cika kwalayen duka. Sakamako ya fito, mu biyu lafiya lau. Aka bai wa wasu magani, aka tsallake ƙanwata.

Daga nan ƙanwata ta fara cewa "su". In an sayo koko da safe sai ta ce suna jin yunwa. In muka bi ta gefen babbar gota, wato kwatar unguwarmu, sai ta dafe ciki ta ce sun farka. Kaka ta ce aljanun gotar ne, ta dage da hayaƙi da rubutu. Wallahi tsoron ƙanwata na riƙa ji, har na daina cin abinci kwano ɗaya da ita.

Wata la'asar tana barci a kan tabarma, na ga wani abu fari yana fitowa ta hancinta a hankali, ya ɗaga kai kamar mai duba ɗakin. Kaka ta jefar da kaskon turare ta goya ta sai titi.

A asibiti aka ce macijin ciki ne, sun dunƙule sun toshe hanji, sai an yi aiki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ƙwayar magani ɗaya ta isa tun farko.

Da ƙanwata ta farfaɗo bayan aikin, ta laluba ɗinkin, ta jawo ni kusa don kada Kaka ta ji.

"Yaya, ba su kwashe duka ba. Akwai ɗaya da ya ɓuya."