Kashi na Biyun da Hamma Bai Rubuta Ba

Yayana, wanda duk gidanmu muke kira Hamma, malamin gona ne. Aikinsa ya hau babur ya zaga ƙauyukan da ke kewaye da Gombe yana duba auduga, ya dawo da yamma ya yi buɗu-buɗu. Ba mu san yana rubutu ba sai ranar da wani ƙunshi ya iso daga Zariya, ya kwance shi a tsakar gidanmu na Jekadafari, sai ga littattafai da sunansa a bango. Dada, mahaifiyarmu, ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta ce, "Wannan kuma na wace gonar ne?"

Ba na gona ba ne. Labarin wata yarinya ce mai kiwo da ta faɗa tsohuwar rijiya tare da wani farin bijimin sa nata, suka ɓulla wani gari a ƙarƙashin ƙasa inda mutane ba su da inuwa. Sarkin garin sayen inuwa yake yi, duk wanda yunwa ta kama sai ya kai tasa kasuwa. A can ne san ya fara magana. Littafin ya ƙare yarinyar tana tsaye a gindin rijiyar, igiya na reto a gabanta, an ce mata ba mai hawa sai ya bar inuwarsa. Nan Hamma ya tsaya, ya ce sauran yana kashi na biyu.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a firamare ba. Kullum bayan la'asar matan maƙwabta sukan taru a gidanmu in karanta musu, masu tsince shinkafa suna yi, masu kitso suna yi. Mun karance shi har bangon ya cire. Duk sa'ad da muka zo wurin igiyar nan sai an yi tsaki, wata ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗakinsa, "Malam, ka fito da yarinyar mutane mana!" Shi kuwa sai dariya.

A waje ma yana da mutanensa. Akwai wani tela ɗan Tangale mai shago a Herwagana, wanda ya koyi karatun Hausa a coci, ya haddace littafin kamar shi ya rubuta. Duk ranar Asabar yakan rufe shago ya zo zaurenmu, tambayarsa ɗaya ce: ina aka kwana? Akwai kuma wani Bakano mai sayar da yadi, abokin Hamma, wanda bai taɓa buɗe littafin ba, amma ya san labarin kaf saboda yawan jin telan.

Shekarun nan ne kuɗin mai ya fara shigowa, kowa ya sayi rediyo, kwano ya fara korar jinka, kuma komai aka ce za a yi sai a ga an yi. Wata rana wasu samari suka zo daga Kaduna a doguwar mota, da wanduna masu faɗin ƙafa, suka ce za su mai da littafin fim. Hamma ya shimfiɗa musu tabarma, aka kawo fura, ya amince kafin su shanye. Na zaci za su zo su ɗauka a nan, har na fara tunanin wace rijiya za su zaɓa. Ba su sake dawowa ba. Sai can bayan an kwana biyu muka ji fim ya fito, ana nuna shi a silimar gari.

Mata irinmu ba sa zuwa silima, don haka aka roƙa aka kawo shi makarantarmu. Da rana tsaka aka toshe tagogin babban aji da barguna da tabarmi, janareto na ruri a waje, mu mata a gefe ɗaya muna fifita da mayafai.

Har yau ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba. Yarinyar mai kiwo ta zama babbar mace da jan baki da agogo a hannu. Farin san kuwa maza biyu ne a ƙarƙashin farin ƙyalle, ana ganin takalmansu, na gaban kuma yana ta tari. Mutanen garin da ba su da inuwa, kowa da inuwarsa zungureriya tana binsa a ƙasa. Ana cikin haka sai aka ɓarke da waƙa da rawa irin ta finafinan Indiya. Daga ƙarshe, da ta isa gindin rijiya, sai kawai ta farka a ƙarƙashin tsamiya. Ashe wai mafarki take yi.

Yara suka yi ta tafi. Ni na yi dariya har cikina ya ƙulle, sannan na ji haushin dariyar. Abin da ya fi rikita ni shi ne kasuwar inuwa. Sun rataye baƙaƙen ƙyallaye a kan igiyoyi, iska na kaɗa su, wata tsohuwa tana bi tana shafawa ɗaya bayan ɗaya tana neman tata. Babu tsohuwar nan a littafin. Amma wurin nan na yi hawaye, kuma duk karatun da na yi wa mata ban taɓa kuka ba. Na fito ban san ko an wulaƙanta yayana ba ne ko an karrama shi.

Asabar ɗin da ta biyo, zaurenmu ya cika. Ina daga soron ciki ina jin su.

"Sun kashe shi," in ji telan. "Mafarki! Idan mafarki ne, me ya sa muka yi ta jira? Kuma sa da takalmi, Malam?"

"Kai dai ba ka son abin kirki," in ji Bakanon. "Sau nawa na shiga silimar nan? Cike take. Yarana har waƙar suke yi. Yarinya ta koma gida lafiya, me kuma ake nema?"

"Ai kai ba ka karanta ba."

"Na gani da idona, ya fi naka."

Wani ya ce laifin ƴan wasan ne, wani ya ce da Indiyawa aka ba wa da sun cire inuwar tsaf, wani ya rantse akwai fim na biyu a hanya. Suka juya ga Hamma ya raba gardama. Sai ya ce a miƙo masa buta, lokacin salla ya yi.

Daga nan ne abin ya cakuɗe mini. Kashi na biyu bai fito ba, kuma kowa da dalilin da Hamma ya ba shi. Telan ya ce ya gaya masa fim ne ya kashe masa gwiwa, wai in ya zauna rubutu, maimakon muryar farin san sai ya riƙa jin tarin mutumin nan. Bakanon ya ce ƙarya ne, shi ya gaya masa samarin sun rufe labarin da kyau, ba abin da zai ƙara. Dada kuma ta ce ai ita ya faɗa wa gaskiya: ya girma, ya daina shirya ƙarya yana sayar wa mutane. Dukkansu ba maƙaryata ba ne, kuma na san Hamma ba ya ƙarya.

Na kai maganar wurin matarsa, wadda nake kira Adda. Tana tankaɗe ta ce, "Wane fim? Tun kafin masu faɗin wandon nan su zo ya daina. Sai ya zauna da biro a hannu har shayinsa ya huce, ya tashi bai ɗiga komai ba."

"To me ya sa bai faɗa ba?"

"Ke ƙanwarsa ce, tambaye shi. Ni na gaji."

Na same shi da hantsi yana wanke babur. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Hamma, don Allah ni dai gaya mini. Ta hau ko ba ta hau ba?"

Ya daɗe yana matse tsumma. Sannan ya ce, "Auta, na hawar da ita. Ta iso gida ba inuwa, uwarta ta dube ta ta ce ba ƴarta ba ce. Na kasa ci gaba. Na mai da ita ƙasa, ta zauna da inuwarta a garin da ba rana. Shi ma na kasa."

"Sai ka samo hanya ta uku."

"Su ai sun samo."

"Ke nan ka yarda da nasu?"

"Wa ya ce miki?" Ya watsa ruwa a taya. "Kin ga tsohuwar nan mai shafa ƙyallaye? Na so a ce ni na rubuta ta."

"To fim ɗin ya yi kyau ke nan?"

"Bai yi ba."

Na tashi na bar shi, kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na zo. Bayan ƴan kwanaki na ji shi da kunnena yana ce wa telan ya ƙara haƙuri, ya kusa gamawa.

Bai gama ba. Ya bar aikin gona ya koma Barunde, lokacin duk wajen fili ne, ya kafa gidan kaji. Wasiƙun masu karatu sun yi ta zuwa, wasu na zagin fim, wasu na tambayar yaushe za a yi na biyu, har suka gaji suka daina. Telan ya ƙirƙiro nasa ƙarshen yana ba masu jiran ɗinki, inda san ya ba da tasa inuwar a madadin ta yarinyar. Matan gidanmu suka ce a'a, uwar ce ta sauko da kanta. Na kai wa Hamma duka biyun. Ya saurara sosai, ya ce kowanne yana da kyau, sannan ya tambaye ni ko na san mai sayen ƙwai da yawa.

Ni kaina na taɓa gwadawa. Na zauna da niyyar rubuta yadda nake ganin ya kamata, sai na tarar yarinyar da ke cikin kaina tana da jan baki da agogo. Na yi na yi in tuno fuskar da nake ba ta kafin ranar nan ta makaranta, ban iya ba.

Da Hamma ya rasu, telan da Bakanon suka zo gaisuwa, dukkansu sun tsufa, ɗaya na dogara sanda. Bayan addu'a suka aiko a kira ni. Telan ya rage murya ya ce, "Malama, ke ce kika fi kusa da shi. Bai bar miki komai ba? Ko da baki?"

Na ce ya bar mini magana, amma ban gane ta ba.

Suka dubi juna. Na ga alama ba su yarda ba, suna zaton ɓoyewa nake. Bakanon ya ce shi dama ya sani, marigayi ya gamsu da fim. Telan ya ce kada ya ɗora wa mamaci abin da bai faɗa ba. Murya ta fara tashi a cikin rumfar makoki, masu gaisuwa suna waiwaye. Adda ta leƙo daga ciki ta ce in gaya musu su sassauta, akwai baƙi daga nesa. Na gaya musu. Suka ba da haƙuri, suka matsa can ƙarshen tabarma, suka ci gaba ƙasa-ƙasa.