Ranar da Hanci Ya Mutu

"Kamar ina jin wari ta ɗakin kilorin."

"A kira Hanci mana. In ya ce babu, to babu."

Shekara ashirin da biyu ke nan ana wannan maganar a gidan ruwa. Mutumin gajere ne, mai tarin safe, aikinsa sa magani a ruwan da gari ke sha. An laƙaba masa Hanci ne don tun daga bakin ƙofa yake jin warin yoyon iskar kilorin mai guba, kafin ƙararrawar bango ta farga. Da ƙararrawar ta lalace, ba wanda ya damu a gyara. Ai ga Hanci.

Ranar hutunsa yana zaune a ƙofar kicin yana gyaran rediyo, sai ga matarsa a guje daga wajen shanya.

"Malam! Tukunya na ƙonewa a bayanka, har maƙwabta sun ji!"

Ya waiwaya, hayaƙi ya turnuƙe. Ya ja numfashi, ya sake ja. Ba komai. Ya buɗe kwalbar turarenta ya shaƙa, kamar ruwa.

"Tun yaushe?" in ji ta.

Bai sani ba. Abin da ya sani, sau uku a watan nan ya tsaya a ƙofar ɗakin kilorin ya ce wa mutane su shiga.

"Ka yi shiru abinka," in ji matar, "saura shekara biyu ka yi ritaya."

"Shirun nawa a huhun wani zai ƙare."

Washegari za a canja silindar kilorin. Mai gyaran famfo, abokinsa, uban 'ya'ya biyar, har ya kama hannun ƙofa, takunkuminsa na kare numfashi na rataye a ƙusa ya yi ƙura.

"Hanci, shinshina mana mu wuce."

"Hancin ya mutu."

"Allah ya jiƙansa! Ƙarfe nawa jana'iza?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya jingina bayansa da ƙofar, ya ba su labarin tukunya, da turare, da sau ukun nan. Dariya ta ɗauke. Mai gyaran famfo ya janye hannunsa a hankali.

Hanci ya sauko da takunkumi biyu, ya kakkaɓe, ya miƙa masa ɗaya.

"Sa wannan, abokina. Yau da ido za mu duba: in akwai yoyo, tururin sinadarin amoniya zai mai da shi farin hayaƙi. Don Allah miƙo min kwalbar amoniyar, sannan ka kira min injiniya, ya zo ya ga ƙararrawar nan da kansa."